Tsuntsaye da namun dawa na lokacin kaka a ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela

Daga tsakiyar watan Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin da ruwan sama ke janyewa ana shiga yankan hatsi, tsuntsaye na kai da kawo a ƙasarmu fiye da kowane lokaci na shekara. Waɗanda suka zo mana da damina suna haramar komawa kudu. Wasu kuma na saukowa daga arewa bayan sun ƙetare hamada. A tsakaninsu ga ƴan gida, waɗanda ba su zuwa ko'ina. Masu saurarenmu na ƙauyuka sun san mafi yawansu da ido tun suna yara, amma ƴan uwa da ke zaune Legas, Abijan, Akara, Libiya ko Turai, wasu ɗiyansu ba su taɓa ganin shamuwa ba sai a hoto. Mun tattara wanga bayani domin duka biyun. Ga manomi kuwa abin ya wuce kallo: a cikin tsuntsayen nan akwai masu cinye mishi hatsi, akwai masu cinye mishi fara, kuma sau da yawa mai taimakon ne ke shan dukan da aka nufi mai ɓarna da shi.

Ruwan Maggiya

Abin da ke tara tsuntsaye a nan shi ne ruwa. Kwarin Maggiya na ɗebo ruwa daga duwatsun Adar, ya ratso ƙasar Malbaza da ta Ƙonni, ya ƙetare iyaka ya zube a tabkin Kalmalo, kusa da Illelar Najeriya. A kan kwarin ne aka gina barajin Mozage da na Zango, sannan ga ma'ajiyar ruwa ta Cerasa dab da Birnin Ƙonni, domin shayar da gonakin noman rani da suka haura hekta 2,000. Don noma aka yi su, ba don tsuntsu ba, amma tsuntsu bai san wannan ba. Idan ƙananan tabkunan daji suka fara ƙafewa a kaka, nan ne ruwa ke saura, sai kowa ya nufo.

Shi ya sa a shekarar 2001, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya BirdLife ta fitar da kundin wuraren da suka fi muhimmanci ga tsuntsaye a Afirka, Cerasa da Mozage suka shiga cikin na Nijar. Haka ma tabkin Ɗan Dutsi, can yamma da Illela tamu ta Nijar, wajen Bagaruwa, wanda a shekarar 2005 aka sa shi cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, rana ɗaya da tabkin Tabalak. Mutane da yawa na wucewa ta bakin Cerasa kullum a kan babur, ba su san sunanta na cikin littafin da masana na wasu ƙasashe ke karantawa ba.

Shamuwa, da sauran masu tafiya

Shamuwa ce babbar mai tafiya. Kowa ya santa: baƙa, farin ciki, fuska shuɗiya. Tana isowa ne gab da faɗuwar damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan tsamiya, kuka ko gawon da ke tsakiyar gari, wani lokaci har bisa rumbu, ta yi ƙwai biyu ko uku. Tun kaka da kakanni ba a taɓa ta. Yaron da ya jefe ta ko ya ɗebi ƙwanta sai ya sha faɗa wurin duk babban da ya gan shi, ko ba ubanshi ba ne. Wannan kariyar ce ta sa ta saba da mutane har take kwana a kan gidajensu.

Zuwa Satumba ƴaƴanta sun tashi. Sai ka ga sun bar sheƙa sun koma taruwa a fadamu da gonakin da aka yanke, da hantsi kuma su hau sama suna kewayawa ɗaruruwa, har su zama ɗige-ɗige. Kafin Nuwamba ta yi nisa babu ko ɗaya. Ina suke zuwa? Da can kowa da abin da yake faɗi. Amsar da aka tabbatar ta fito ne daga nan Nijar: wasu masu bincike daga ƙasar Danmak sun ɗaura wa shamuwoyi ƴar na'urar da tauraron ɗan Adam ke bi, suka fitar da sakamakon a 2006. Shamuwoyin sun ƙetare tsakiyar Afirka suka sauka Tanzaniya, akwai ma wadda ta kai Zimbabuwe. Wato damina suke bi: idan tamu ta ƙare, ta can kudu ke farawa, fara da tsutsa kuma na fitowa a can.

Fara ita ce babban abincin shamuwa. Garken shamuwa da ya sauka a gona yana tsintar fara ne tun tana ƙarama, kafin ta yi fiffike. Balbela ma haka, ita da ke bin shanu tana kama abin da ƙafarsu ta tayar. A ganina, da za a lissafa kuɗin maganin feshin da waɗannan biyun ke rage wa manomi, da an riƙa girmama balbela kamar yadda ake girmama shamuwa. Ita balbelar ba duka ke tafiya ba. Da yamma idan ka tsaya bakin Cerasa za ka gansu suna shigowa layi-layi, su sauka kan bagaruwa su kwana, iccen ya yi fari fat kamar an shanya auduga. Wannan makwanci na dubban balbelu na cikin abin da ya sa aka san wurin.

Shirwa ita ma da damina take yawa, da kaka sai akasarinsu su zame kudu. Akwai kuma waɗanda ba su tafiya amma suna sauya riga, har a zaci sun ɓace. Mulufi, wanda da damina ke zama ja wur a kan karan dawa, da kaka yana zubar da jan gashin ya koma ruwan ƙasa kamar gwara. Zalaidu ya yar da doguwar wutsiyarshi. Marai ma, mai saƙa sheƙa tana reto a reshe, namijin na rasa ruwan ɗorawarshi mai haske. Suna nan cikinmu, rigar aure ce kawai suka tuɓe.

Baƙin arewa

Daidai lokacin da shamuwa ke shirin tafiya, wasu ke isowa. Waɗannan a Turai da Rasha suka yi ƙwai da rani na can, sanyi ya koro su. Kafin su iso mana sai sun ƙetare tekun Bahar Rum da hamadar Sahara, tafiyar da a hamada kaɗai ta haura kilomita 1,500. Wasunsu nauyinsu bai kai na kwalin ashana biyu ba. Kitse suke tarawa kafin su tashi, su iso nan a rame, shi ya sa ruwa da ƙwarin da suka fara tararwa a gefen hamada, irin na Maggiya, ke zama rai ko mutuwa gare su.

Na farko da ido ke kamawa ita ce tsattsewar Turai, mai jan maƙogwaro da wutsiya kamar almakashi, tana shawagi ƙasa-ƙasa bisa ruwa tana kama sauro da ƙananan ƙwari. Nauyinta wajen giram 20 ne. Sai wani ɗan tsuntsu siriri mai ruwan ɗorawa a ciki, mai kaɗa wutsiya sama da ƙasa, wanda za ka gani tsakanin ƙafafun shanu da tumaki a fadama. A bakin ruwa inda taɓo ya fito akwai masu dogayen ƙafafu da siraran baki iri-iri, suna caka laka. A cikin ruwan kuma ga ƙananan agwagin Turai, da wata mai doguwar wutsiya mai tsini, suna cuɗanya da namu na gida: kirinjijiya mai farar fuska da ke fito da dare, da dinya, babbar cikinsu. Agwagin nan daga Oktoba suke fara yawa, sai Disamba da Janairu suke cika.

Akwai wani shaho siriri, namijin toka-toka da baƙin bakin fiffike, mai tashi ƙasa-ƙasa bisa ciyawa yana tangaɗi kamar zai faɗi. Shi ma baƙon Turai ne, kuma masana sun bi sawunshi daga gonakin Holan da Faransa har zuwa Sahel. Ba kaza yake nema ba. A nan fara ce mafi yawan abincinshi. Sai farar shamuwa, wadda ta fi tamu girma, mai jan baki da jajayen ƙafafu. A ƙasashe irin su Sifen, Jamus da Folan a kan rufin gidaje take sheƙa, ana kuma ji da ita kamar yadda muke ji da tamu. Ƴan uwanmu da ke can wataƙila sun ganta a watan Yuni. Tana iya yiwuwa ita ce ɗin dai ke tsintar fara a fadamar garinsu a watan Nuwamba.

Wani abu da ya kamata kowa ya sani: wasu daga cikin baƙin nan na zuwa da zobe a ƙafa, na ƙarfe ko na roba, wasu ma da ƴar na'ura a baya. Ba zinariya ba ce, ba asiri ba ne, ba kuma leƙen asiri ba. Masu bincike ne ke sa musu don su san hanyar da suke bi. A jikin zoben akwai lamba da sunan gari ko ƙasar da aka sa shi. Wanda ya tsinci mataccen tsuntsu da zobe, ya rubuta lambar da ranar da wurin, ko ya ɗauki hoto da salula, ya kai wa ma'aikatan gandun daji. Mai rai kuwa a bar shi ya yi tafiyarshi. Kashe tsuntsu don zobe asara ce tsantsa, zoben ko dala ba a saye.

Jan baki

Yanzu ga wanda babu manomin da ke marhabin da shi. Jan baki ɗan ƙarami ne, bai wuce giram 20 ba, amma ba ya tafiya shi kaɗai. Garkenshi na tasowa kamar hayaƙi, yana murɗawa yana miƙewa, idan ya sauka kan icce reshe na iya karyewa. Masana na ƙiyasta cewa kowane ɗaya na cin wajen giram 10 na ƙwaya a rana. Garke mai miliyan biyu ke nan tan 20 a yini guda. Tare da shi akwai abokin ɓarnarshi, wani ɗan gwara mai ruwan zinariya da ke yawa a Nijar, wanda shi ma zangarniyar hatsi yake faɗa wa tun tana madara.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba, asalin abincin jan baki irin ciyawar daji ne. Yana ƙyanƙyasa a ƙarshen damina cikin ƙayoyi, sheƙa dubbai wuri ɗaya, kuma ƴaƴan da suka tashi a Satumba da Oktoba su ne suka fi afka wa gonaki. Hatsin da aka yanke da wuri yakan tsira. Wanda ke shan wahala shi ne maiwa, da dawar fadama da ke nuna a makare, da gonar da ta rage ita kaɗai tsaye bayan maƙwabta sun kwashe nasu. Don haka garin da ya shuka tare ya yanke tare ya fi rage asara, domin ɓarnar na rarrabuwa. Hatsi mai gashi a zangarniya ma tsuntsu bai cika son shi ba. Sauran dabaru kowa ya sansu: yara bisa rumfa da majajjawa, gwangwanaye a igiya, ihu tun asuba har faɗuwar rana. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma yana faɗowa daidai komawa lakkwal a farkon Oktoba, abin da ke sa yara da dama makara.

Idan garken ya fi ƙarfin gari, abin yi shi ne a gano makwancinsu, ko cikin kacala a bakin ruwa ko cikin ƙaya, a sanar da mai gari da malamin gona na komin, su kai magana ga hukumar kare tsirrai. A makwanci ake yaƙarsu, ba a gona ba. Amma a sani, maganin da ake fesa wa jan baki guba ce mai ƙarfi wadda ba ta zaɓe. Shaho, shirwa, mujiya da dila da suka ci gawar su ma suna mutuwa. Kada a tsinci tsuntsun da aka yi wa feshi a kai gida ko kasuwa, kada a bar yara su soya. Masu zuba guba a bakin tabki don su kama agwagi ko zabin daji kuwa, su tuna ruwan nan shi dabbobinsu ke sha, kifin cikinshi kuma shi ake sayar mana.

Waɗanda suka yi wuyar gani

Duk wanda ya kai shekara arba'in ya san lokacin da ungulu ke cika mahauta da bayan kasuwa har ana korarta. Yau ana iya yin wata ba a ga ko ɗaya ba. Ba ƙasarmu kaɗai ba ce. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Nijar, Mali da Burkina Faso wajen 1970, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun da ake karewa. A 2015 aka sa ungulun gari ma cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba da ake sa wa mushe don kashe dila ko kare na kashe su da yawa lokaci guda, sannan ga masu sayen kai da ƙwanta don magani, kasuwar da ta fi ƙarfi a ƙetaren iyaka. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka abin da aka kashe ba ya mayuwa da sauri. Mushen da a da take share mana cikin sa'a guda, yanzu sai ya kwana uku yana wari, karnuka na ja.

Gauraka mai tukkun zinariya, tuje da burtu duk sun bi wannan hanya. Gauraka ma an fi ganinta a gidajen masu hali fiye da fadama. Barewa da kura sai a bakin tsofaffi. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ita ke tsara farauta da kare namun dawa a Nijar, kuma a ƙarƙashinta ba a farauta sai da takardar izini.

Na ƙasa

Ban da tsuntsaye, kaka ce lokacin da ƙananan namun dawa ke bayyana, saboda an yanke hatsi, maɓoya ta ragu. Kurege da zomo a gefen gona, bushiya da dare, damo a ramin gara, guza a bakin kanal, yanyawa da dila da asuba idan ka yi sa'a. A tabkin da ke ƙafewa gaiwa na nutsewa cikin laka, ta yi wa kanta kube ta kwanta har wata daminar.

Wanda ya kamata a kiyaya shi ne maciji, musamman kububuwa. Gajera ce, launin ƙasa, tana kwanciya ƙarƙashin dami da tarin kara, inda ɓeraye ke taruwa, kuma lokacin girbi ana yawan samun saranta. Dafinta na hana jini daskarewa, mutum na iya jin sauƙi a ranar farko alhali jini na zuba a ciki. A sa takalmi mai rufi, a ɗaga dami da sanda kafin a sa hannu, a riƙe tocila da dare. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da ƙarfi. A kwantar da mutum a kai shi likita nan take, a nemi allurar dafin maciji.

Yadda ake kallo

Ba sai da kayan aiki ba. Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar zuwa magariba, lokacin da balbelu da jan baki ke komawa makwanci. Ka sa rana a bayanka, ka zauna gindin icce ka yi shiru. Cikin minti goma waɗanda suka gudu za su dawo. Ka lura da girman tsuntsu, bakinshi, ƙafarshi, yadda yake tashi da abin da yake ci, sannan ka tambayi tsoho, makiyayi ko masunci sunanshi. Sunayen nan na bambanta daga gari zuwa gari, wasu kuma na ɓacewa tare da masu su, don haka malaman makaranta da ke iya sa ɗalibai su rubuta su a littafi sun yi babban aiki. Zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, zakaran ƙeƙuwa mai tsegumi da ke tona asirin duk wanda ya matso, cilakowa, ragon maza, tsanwaka mai shuɗi bisa wayar lantarki, alhudahuda, hasbiya da kurciya: yaro na iya tara suna talatin a fita biyu.

Ga ƴan uwa masu zuwa ganin gida da kyamara ko madubin hangen nesa, a halin tsaron da ake ciki a yankin iyaka kada a shiga daji kai kaɗai. A fara gaida mai gari a faɗa mishi abin da ya kawo ka, a tafi da ɗan gari, a dawo kafin duhu, kada kuma a ɗauki hoton baraji ko wurin jami'an tsaro ba da izini ba. Idan aka tarar da matattun tsuntsayen ruwa da yawa wuri ɗaya, kada a taɓa su, kada a bar kaji su matsa, a sanar da malamin dabbobi. Murar tsuntsaye ta taɓa shigowa Nijar, a Magarya aka fara ganinta a watan Fabrairun 2006.

Ranar Asabar ta biyu a watan Oktoba ita ce ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya, akwai kuma irinta a watan Mayu. A tsakiyar Janairu ne ake ƙirgar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama lokaci guda, har da Nijar. Yawan da za a tarar a Mozage, Cerasa da Ɗan Dutsi a lokacin ya danganta ne da ruwan da suka riƙe a wannan kakar, da kuma yashin da kwari ke zubo musu duk shekara yana cike su, matsalar da masu noman rani a Ƙonni suka daɗe suna kuka da ita.